Nawa Ya Rage a Batirin Inna

Azumin bana ya same mu a tsakiyar bazara, kuma duk wanda ya yi shi a Gumel ba ya buƙatar in yi masa bayani. Tun ƙarfe tara rana take fitowa da fushinta kamar wadda aka yi wa gori jiya. Ran nan da idona na ga wani ƙadangare ya ratsa tsakar gidanmu yana ɗage ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya isa gindin randa, ya juyo ya dube ni, ya gyaɗa kai sau uku. Na ce masa, "Ni ma haka na gani, malam." Matata Rabi ta ce in ji tsoron Allah, da azumi a bakina. To, a cire maganar da na yi masa. Amma kai dai ya gyaɗa.

Sana'ata dillancin shanu a kara ta Maigatari. Duk Alhamis aikina in tsaya a gefen sa in yi ta faɗin alherinsa, har shi kansa san ya fara waige-waige yana neman wanda ake yabo. Abokaina suna kirana Mai Gishiri, wai ban taɓa ba da labari ban ƙara masa ba. Ban musa ba. Sai dai wannan da zan bayar yau zan yi ƙoƙari in rage hannu, don akwai mahaifiyata a ciki.

Inna tana wurina shekara shida ke nan, tun rasuwar Baba. Tana da ciwon suga, irin wanda sai da allura safe da yamma. Maganin a 'yan kwalabe yake, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma likita ya ja mana kunne: zafi yana kashe shi, in ya mutu kuma ba lallai ya canza kala ba, sai dai a yi ta yi mata allurar ruwan banza sugan yana hawa. Kwalabe uku muka karɓo kafin azumi, kuma samun wasu ba aikin yini ɗaya ba ne. Wurin zamansu wani ƙaramin firji a ɗakinta. Ita kuwa wutar gari, tun da taransifomar unguwarmu ta ƙone cikin watan Rajab, sai dai mu riƙa tunawa da ita a addu'a tare da sauran mamata.

Abin da yake riƙe da gidan shi ne sola. Bulus ne ya haɗa mana, wani mutumin Filato da ya shekara ashirin a Gumel, har in yana ciniki sai ka rantse a Ɗanzomo aka yanke masa cibi. Faranti huɗu a kan rufi, batir biyu a ƙasa, sai inbata da ya kafe can sama a bangon ɗakin ajiya, inda sai na taka buhu nake ganin fuskarta. Fuskar nan wani ɗan allo ne mai haske, faɗin tafin hannu. A gefe guda akwai hoton rana da lambar abin da take ba mu. A ɗaya gefen hoton ƙwan fitila da lambar abin da muke sha. A tsakiya hoton batir mai sanduna huɗu, da lamba a ƙarƙashinsa, daga ɗari zuwa ƙasa. Sai madannai huɗu a jere.

Bulus ya raba wutar gida biyu. Layi ɗaya na firjin Inna ne kaɗai da ƙwan ɗakinta. Ɗaya layin na kowa da komai: firiza, fankoki, talabijin, cajin waya. Ya shiga cikin allon da madannan nan, ya nuna mini wata lamba.

"Alhaji, ka ga hamsin ɗin nan? In batir ya sauko nan, inbata za ta yanke layin kowa da kanta, ta bar na Mama. Rabin da ya rage nata ne. Don Allah kada ka taɓa."

"Haba Bulus, ni da ko rediyo ban iya gyarawa ba?"

"Shi ya sa na ce kada ka taɓa."

Amma na riga na ga inda ya danna.

Shekara uku ke nan likita ya hana Inna azumi. Tana ciyarwa kamar yadda malamai suka ce, amma abin bai taɓa kwanta mata ba. Mace ce da ta fara azumi tun ba ta kai tsawon taɓarya ba. Yanzu a kawo mata koko da hantsi, kowa bakinsa a bushe, sai ta juya fuska bango ta sha kamar mai sata. Bana ta samo dabara. Ta lura a layinmu mu kaɗai ne masu firiza mai aiki. Ana jibi azumi ta kira ni. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Ni "kai" ne tun ina goye.

"Kai. Wannan abin naka, in maƙwabta suka kawo ruwa a sanyaya musu, zai ɗauka?"

"Inna, wannan batirin in na sakar masa linzami, sai ya haska Gumel ya aika wa Gagarawa ragowa."

"Ban da shirme nake tambaya."

"Zai ɗauka, Inna."

Ta aika gida-gida. Ran ɗaya ga wata sai ga gorori da jarkoki da robobi, zoɓo da kunun aya da tsamiya da ruwa zalla, kowace da ɗan ƙyallen da aka ɗaura mata a wuya don kada a yi musaya. Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofarta, tana karɓa, tana miƙawa, ana sa mata albarka. Na daɗe ban ga fuskarta haka ba.

Matsalar ita ce kayan sun yi wa firizar yawa. Ga fankoki uku suna juyawa har gari ya waye. Kafin sahur batir ya taɓa hamsin, inbata ta yanke, firiza ta yi shiru sai rana ta ɗaga. Ran uku ga wata, mata suka fara karɓar robobinsu suna taɓawa da bayan hannu, suna cewa "ba laifi". Kowa ya san irin wannan "ba laifi". Na hau buhu, na danna inda na ga Bulus ya danna, na mai da hamsin arba'in. Bayan kwana huɗu na mai da ita talatin. Daga nan ashirin. Batir ya daina cika ko da rana tsaka, sanduna huɗu suka zama tarihi. Kullum bayan la'asar in na fito daga ɗakin ajiya ina kakkaɓe gwiwa, sai in ji muryarta.

"Kai. Nawa ya rage?"

"Cike yake, Inna. Har yana neman zubewa."

Ranar da na faɗi haka karo na wajen goma, na zo alwalar magariba, sai buta ta tsaya a hannuna. Na taɓa jin wannan tambayar, da wannan muryar, cikin irin wannan zafin. Kuma na taɓa ba da irin wannan amsar.

Azumi yawo yake yi. Ya bar bazara ya shiga sanyi, ya ratsa kaka da damina, sai bayan shekara talatin da 'yan kai ya dawo inda ya tashi. Wancan karon da ya same mu a bazara muna ƙauyenmu, kusa da Ɗanzomo. Ina da shekara ashirin da wani abu, dogo kamar karan dawa, ba aure, ba hankali sosai.

Daminar da ta gabace shi ta yaudare mu. Ta fara da kyau, gero ya tashi kore shar, har ya fara fitar da kai, sai ruwa ya ɗauke. Hadari yakan haɗu da la'asar, mu fito mu tsaya muna kallo, iska ta zo ta kwashe shi ta kai wa wasu. Da kaka ta zo, zangarniyar da muka yanka rabinta ƙaiƙayi ce. In ka murza a tafin hannu ka hura, sai ka ƙirga abin da ya rage da ido. Rumbun da kan cika har sai an danna da ƙafa, ko rabi bai kai ba.

Ana gama ɗaurin dammuna Baba ya shirya tafiya ci-rani kudu, don a rage baki ɗaya a gida, a kuma samo wani abu. Safiyar da zai tafi ya jingina tsani a jikin rumbu, ya ce in biyo shi. A gidanmu, kamar sauran gidajen ƙauyen, mace ba ta leƙa rumbu. Ba a rubuta a ko'ina ba, haka muka tarar. Maigida ne yake hawa ya jefo dami, mata su sussuke. Abin da yake ciki shi kaɗai ya sani. Muka shiga cikin ɗumi da ƙamshin gero. Ya ɗaga na sama ya nuna mini can ƙasa: dami uku da aka ɗaure da jan ƙyalle. Zangarniyar da ya bi gona ya zaɓa ɗaya-ɗaya ce, dogaye, cikakku, waɗanda suka jure farin.

"Waɗannan ba abinci ba ne," in ji shi. "Gonar baɗi ce. Ko me za a yi, in dawo in same su a nan."

"Baba, ko zaki ne ya zo..."

"Ba zaki nake tsoro ba. Bakinka nake tsoro."

Ya tafi ya bar ni da Inna da ƙannena huɗu, da tsani.

Azumi ya kama. Yini a lokacin tsari gare shi. Ana sallame asuba mazan unguwa mu nufi rijiya, don in rana ta fito ba mai iya jan igiya. Rijiyarmu in ka jefa dutse ran Litinin, sai Laraba ka ji faɗuwarsa. To, ba haka ba, amma mutum huɗu muke jan guga ɗaya, muna tafiya da igiya a kafaɗa har mu wuce gindin aduwa, kuma gugan ya fito rabi ruwa rabi laka. A cika tuluna gida-gida, har da na gidajen da mazansu suka tafi ci-rani, sannan a ba dabbobi. Daga nan sai gona: a tumɓuke kututturen karan bara, a tara a ƙone, a kai taki a kan jaki. Kafin hantsi ya ɗaga rairayi ya fara cin tafin ƙafa ta cikin takalmi. Sai mu tattaru ƙarƙashin gawo, shi da yake fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka zubar, mu tone rairayi har mu kai mai ɗan sanyi, mu kwanta rub da ciki. Ba mai magana. Ni kaina, da ba a taɓa ganin bakina a rufe ba, harshena yakan bushe kamar ƙirgi.

Da la'asar gari yake farfaɗowa. Ka ji taɓarya daga wannan gida, wata ta amsa daga can. A da sai ka kasa ƙirga su. A wannan shekarar kana iya sanin gidan da hatsi ya ƙare, don turminsu ne zai yi shiru. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa yin shiru. Namu bai yi ba. Inna ta sussuke, ta sheƙe, ta surfa, ta jiƙa tsamiya, ta dama kunu a babbar tukunya. Kafin ta zuba wa kowa a gida sai ta cika wata ƙatuwar ƙwarya, in ɗauka in kai ƙofar masallaci, inda dattawan da turminsu ya yi shiru suke zama kamar hira ce ta kawo su. Ludayi yana zagayawa, ana cewa Allah ya yi wa gidanmu albarka, ni kuma ina amsawa da "amin" ina gyara tsayuwa, sai ka ce ni na yi ruwan sama.

Duk bayan kwana uku nakan jingina tsani in hau. Inna ta tsaya a ƙasa, ta ɗan ba rumbun baya, idonta a kan kaji.

"Kai. Nawa ya rage?"

"Akwai shi, Inna. Har ƙirjina."

A lokacin iyakarsa gwiwata. Na sha tambayar kaina me ya sa na faɗi haka. Ba mugunta ba ce. Karon farko da na faɗa, na leƙo na ga kafaɗunta sun sauka, ta saki numfashi, har ta yi wa ƙanwata wasa a ranar. Sai na ga ashe da baki kaɗai ina iya sauke mata kaya. A raina kuma ina cewa Baba zai aiko, ko wani abu zai faru. Da "har ƙirjina" ta ci gaba da cika ƙwaryar masallaci. Da "har ƙirjina" ta ɗebar wa wata bazawara mai marayu mudu biyu. Ni ma da wani maƙwabci ya ja ni gefe ya kira ni "maigida", kaina ya kumbura, na jefa masa dami guda ta bayan danga.

Ran sha tara ga wata na shiga rumbu na ji ƙafata a kan daɓe. Saura dami biyu na abinci, ƙanana, sai ukun nan masu jan ƙyalle. Na yi tunanin da wawa yake yi: in na fitar da ɗaya daga cikin manyan zai kai mu kwana biyar, ba wanda zai lura, biyu ma sun isa shuka in an yi tsimi. Na kwance ƙyallen na cusa a aljihu, na ɗaga damin na jefa.

Na ji faɗuwarsa. Ban ji an ja shi ba. Da na leƙo, Inna tana tsugune, ta zaro zangarniya ɗaya tana gwada ta da hannunta, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Wata biyar tana sussukar gero mai ƙaiƙayi. Ta san wannan ba ɗan'uwansu ba ne.

"Mayar," ta ce.

"Inna, ai..."

"Mayar da shi, ka ɗaura masa abin da ka kwance." Sannan ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Kwana goma ke nan nake jin muryarka tana fitowa kamar daga cikin rijiya. Da rumbun yana ƙirjinka ba haka take fita ba. Na fara rage hannu, amma ban san zurfin ramin ba. Yanzu faɗa mini. Nawa ya rage?"

"Biyu."

"Biyu."

"Ƙanana."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na ji sauƙi. Ta sa na sauko da su duka biyun, ta sussuke a ranar, ta auna da ɗan ƙoƙo, ta ƙulla kashi-kashi a tsummoki, kowane ƙulli na yini guda. Daga ranar kunu ya koma ruwan da aka nuna wa gero daga nesa. Kana iya ganin fuskarka a ciki, kuma ba za ka so abin da ka gani ba. Ƙannena mata suka shiga daji tsinkar yaɗiya, a dafa, a matse, a kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu. Dusar da muke ba akuya, muka nemi afuwarta muka raba da ita. Yunwar azumi daban take da wannan. Waccan tana da lokacin tashi, ana kiran salla ta tafi. Wannan bayan an sha ruwa ma tana nan zaune, ta raka ka shimfiɗa, ta riga mai ganga tashe ka sahur.

Ƙwaryar masallaci ta koma ƙoƙo, amma ba ta daina zuwa ba. Ni na ɗauka daga tukunya ake ɗiba. Sai wata magariba na juyo gida don na manta ludayi, na tarar da Inna a bayan madafa tana buɗe baki da ruwa da ɗan dunƙulen yaɗiya, kwanonta a kife. Rabonta ne nake kaiwa. Ta ga na gani. Ta ce, "Ludayin yana kan randa." Na ɗauka na fita. A ranar, da aka ce Allah ya yi wa gidanmu albarka, ban iya cewa amin da ƙarfi ba.

Bayan salla na fara takawa Maigatari a ƙafa, in tashi tun ana gobe kasuwa, in riƙe wa fatake igiyar shanu, in dawo da ɗan garin kwaki a ƙasan buhu. Can na gano ana iya cin abinci da baki irin nawa, in an kai shi inda ake buƙatarsa. Wata biyu muka yi a haka. Sannan Baba ya dawo, ya rame, da buhun masara a kan jakin haya. Ko ruwa bai sha ba ya jingina tsani. Ya daɗe a ciki. Da ya sauko ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce, "Ka riƙe amana." Na dubi Inna. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Har Baba ya koma ga Allah ba ta faɗa masa ba.

Ruwan farko da la'asar ya zo. Iska ta juyo daga gabas, mai sanyi kamar an buɗe randa, awaki suka shiga kuka, sannan ɗigo manya-manya suka fara faɗuwa a rairayi suna tayar da ƙamshin nan da duk manomi ya sani. Muka tsaya a tsakar gida muka jiƙe sharkaf, ba wanda ya nemi rumfa. Da sassafe ni da Baba muna gaba da sungumi, Inna da ƙannena suna baya, suna jefa iri suna rufewa da diddige. Dami ukun nan da ƙyar suka rufe gonar. Da biyu ne, da kusurwar arewa ta shekara fili.

Wannan duk ya dawo mini da buta a hannu. Za ka ce daga nan na je na mai da lambar hamsin. Ban je ba. Mutum da furfura a gemu, na ce gobe.

Goben ta zo da lumshi. Na koma barci bayan asuba, na farka wajen ƙarfe takwas cikin gumi, gida tsit. Ba fanka, ba gurnanin firiza. Na leƙa ɗakin Inna, firji shiru. Na hau buhu. Hoton batir fanko, ko sanda ɗaya babu, wata jar fitila tana ƙiftawa. Hoton rana yana nuna wata 'yar lambar da ko cajin tocila ba za ta yi ba. Na fita na ɗaga kai. Sama ta rufe da farin gajimare irin na bazara, wanda ba ya ba da ruwa, ba ya ba da rana, sai dai ya kife zafi a kan mutane kamar murfin tukunya.

Na kira Bulus. Yana Sule Tankarkar yana haɗa wa wasu famfon sola, ba zai iso ba sai la'asar.

"Alhaji, danna na biyu sau shida. Wace lamba ka gani?"

"Kamar... ashirin."

"Wa ya taɓa?"

"Ina zargin ɓera."

"Ɓeran da ya san ya danna na biyu sau shida, sannan ya danna na ƙarshe ya riƙe? Ka kama mini shi, ina neman ma'aikaci." Sai muryarsa ta canza. "Kashe komai a layin kowa. Kada a buɗe firjin Mama. In azahar ta yi bai tashi ba, a sa maganin a kula da ƙanƙara, amma a naɗe shi a tsumma, kada ya taɓa ƙanƙarar."

Azahar ta yi bai tashi ba. Ina hawa buhu ina sauka, lambar tana rarrafe kamar jinjiri. Ɗakin Inna mai rufin kwano ne, jikin firjin ya fara ɗumi. Rabi ta yi mini wani kallo da ya fi huɗubar Juma'a tsawo. Ta buɗe firiza ta yi ta fitar da robobin mutane tana taɓawa, duk sun saki. Can ƙasa ta samu guda huɗu da suka rage da ƙanƙara a cikinsu. Ta jera su a kula, ta naɗe kwalaben a ɗankwali ta sa a tsakiya, ta rufe, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ta kai gindin randa.

Inna tana kan tabarmarta da carbi, duk a kan idonta.

"Kai."

"Na'am, Inna."

"Nawa ya rage?"

Wallahi "cike" ta riga ta iso bakin haƙorana. Shekara talatin da wani abu tana nan a shirye. Na haɗiye ta, na tsuguna.

"Babu, Inna. Ya ƙare tun asuba. Akwai rabon da Bulus ya ware wa maganinki, ni na buɗe shi na ba firiza. Tun ran uku ga wata nake yi."

Ta ja carbi ɗaya, biyu.

"Kwana huɗu ke nan nake jin abin yana tsuwwa kafin kiran salla. Na ce ko haka suke yi." Ta dubi kular. "Maganin fa?"

"Da sanyinsa. In ƙanƙarar ta kai la'asar."

"Ruwan mutane?"

"Da ɗumi za su sha yau."

A nan ne fuskarta ta canza, ba a kan maganin ba.

"Da ka ce mini na gida goma zai ɗauka," ta ce, "da na gida goma na karɓa."

Na sunkuyar da kai. Ni, Mai Gishiri.

Wajen ƙarfe uku gajimaren ya yage ta yamma, rana ta faɗo. Ban taɓa murnar ganin ranar Gumel ba sai ran nan. Saura kaɗan in yi mata kirari. Lamba ta fara hawa. Bulus ya iso jiƙe da gumi, ya hau buhu, ya mai da hamsin wurinta, ya kunna layin Inna kaɗai. Firji ya yi tari, ya kama. Rabi ta buɗe kula. Ƙanƙara ta narke, saura ɗan guntu kamar ɓarin goro a roba ɗaya. Ta ɗora kwalba a kumatunta, ta lumshe ido, ta ce, "Da sanyi." Sai a lokacin na lura tun safe ban zauna ba.

Bulus yana tattara kayansa Inna ta kira shi.

"Ɗana, wannan allon da ake hawa buhu a gani, ba ya saukowa?"

"Yana saukowa, Mama. Cire shi ake yi, a ja masa waya."

"To sauko mini da shi nan."

Ya ja waya ta saman ƙofa, ya kafe allon a bango daidai kafaɗarta in tana zaune. Ya fara yi mata bayanin lambobi, ta ɗaga hannu: boko ba nata ba ne, sandunan dai take so. Huɗu, cike. Uku, da sauƙi. Biyu, daga nan rabon magani ya fara. Ta ce ya sa mata alama. Ya laluba jaka ya fito da salatif ɗin da suke naɗe waya, ya yanki ɗan siriri ya manna a gefen sanda ta biyu. Ja ne. Inna ta dubi salatif ɗin, ta dube ni. Na shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

Da matan suka zo karɓar robobi ita ta yi musu bayani da bakinta. Ta ce mai gyaran ya duba, abin na gida takwas yake ɗauka. Za a riƙa yi bi da bi, yau waɗannan gobe waɗancan, masu tsofaffi da masu jego a gaba. Wata ta ce ai mazansu sun ji a majalisa an ce har Gagarawa zai haska. Inna ta ce, "Mai gidan nan ne ya faɗa." Aka yi dariya har da tafa hannu. Ina ɗaki ina ji.

Har aka ga watan salla ba ta sake tambayata ba. Yanzu in na dawo daga kasuwa da yamma, na ajiye babur, nakan tsaya a bakin ƙofarta in gaishe ta, tana zaune da carbi, hasken allon a gefen fuskarta. Jiya na kunna fankar ɗakina don ta huce kafin in shiga, na fito, na tsuguna.

"Inna, nawa ya rage?"

Ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido, ta bi sandunan da yatsa.

"Uku. Ta ukun ma rawa take yi. Je ka kashe fankarka."

Na je na kashe.